Kafin mu biya kuɗi: wa ya ɗinka, wa ya haƙo, ina aka zubar da dattin?

Maman Khalifa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai kwana biyun nan, ina so in ji ta bakinku.

Batirin wayata ya gaji, in na cika shi da safe ba ya kai la'asar. Na fara neman sabuwa, ina duba kyamara da girman ma'adana kamar yadda kowa yake yi, sai 'yata da ke jami'a ta ce, "Mama, kin san daga ina ake samo abin da ke cikin batirin nan?" Na ce ban sani ba. Ta buɗe mini rahoton da Amnesty International ta fitar a watan Janairun 2016 kan ma'adinin kobal a kudancin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Maza suna shiga ramukan da suka haƙa da hannu, babu abin rufe hanci, babu abin tokare ƙasa, yara ƙanana kuma suna tsintar duwatsu suna wankewa suna cika buhu. Wajen kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin duniya daga ƙasar nan yake fitowa, kuma yana cikin batirin wayoyi da kwamfutoci da motocin lantarki masu yawa.

Wallahi ranar ban yi barcin kirki ba. Na haifi yara huɗu, na san nauyin buhu a wuyan ɗan shekara goma.

Tambayata kashi biyu ce. Shin mu masu saye akwai wani nauyi a kanmu game da yadda kamfani yake bi da ma'aikatansa da muhalli? In akwai, ta yaya mutum irina, da ba ɗan jarida ba, zai duba kafin ya miƙa kuɗinsa?

Abu Yusra

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka da alheri bisa wannan tausayi. Amma bari in faɗi gaskiyar abin da nake gani, ni da nake saye da sayarwa shekara da shekaru. Mai saye abu biyu yake tambaya: nawa ne, kuma zai yi ƙarko? Ban taɓa ganin wanda ya tsaya gabana ya ce wa ya ɗinka rigar nan ba. Kuma ban ga laifinsa ba. Mutumin da yake lissafin yadda kuɗinsa zai kai ƙarshen wata, za ki ce masa ya zauna yana karanta rahoto mai shafi ɗari? Wannan bincike na wanda ya ƙoshi ne.

Sannan waya ɗaya tana da sassa daga ƙasashe da dama. Kamfanin da sunansa ke jiki bai haƙo komai ba, bai ma haɗa ta da hannunsa ba. Wani ya haƙo, wani ya saya a bakin rami, wani ya tace, wani ya yi batir, wani ya haɗa. A ina za ki kama bakin zaren? Wannan aikin gwamnatoci ne, Hajiya. Kada ki ɗora wa kanki abin da ba za ki iya ɗauka ba.

Ummi Zee

Anti, ni abin da nake yi mai sauƙi ne. Ina duba tambarin da ke jikin kaya, irin wanda ke nuna an kiyaye haƙƙin manoma da ma'aikata ko muhalli. In na ga na Fairtrade, ko ɗan kwaɗon nan na Rainforest Alliance, ko bishiyar FSC a jikin takarda, sai hankalina ya kwanta in saya. Ai ba za su buga ba sai an je an duba.

Malam Odita

Ummi, ƙanwata, ki yi haƙuri zan ɗan taɓa kwanciyar hankalin nan taki, don aikin da kike cewa "an je an duba" shi na yi shekara tara ina yi. Ni ake turawa masana'antar ɗinki da ta takalma in duba ƙofofi, littafin albashi, shekarun ma'aikata, wayoyin lantarki, in rubuta rahoto.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani: a mafi yawan lokuta masana'antar da za a bincika, ko kamfanin da ke saye a wurinta, su ne suke biyan kuɗin binciken. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ba ina cewa duk masu bincike maciya amana ba ne, na yi aiki da mutanen kirki ƙwarai. Amma kamfanin binciken da ya cika kayar da masana'antu, baɗi ba za a kira shi ba, kuma kowa a ofis ya san haka ko ba a faɗa ba.

Na biyu, sau da yawa an san ranar da za mu zo. Na taɓa shiga wata masana'anta, ba zan kama suna ba, na tarar fentin layin da ke nuna hanyar ficewa bai ma bushe ba, ya manne mini a takalmi. Ma'aikata goma na zaɓa in yi hira da su, duk goman suka ba ni amsa iri ɗaya, kalma da kalma: awa takwas muke yi, ana biyan mu a kan lokaci, ba mu da ƙorafi. Da yamma na koma ɗaukar abin da na manta, na ga fitilu a kunne a hawa na uku, kekunan ɗinki suna ta gudu, alhali littafin da aka nuna mini ya ce an tashi tun ƙarfe biyar. Littafi biyu suke da shi, ɗaya namu, ɗaya na gaskiya. Na rubuta abin da na gani. Ba a sake tura ni wurin ba.

In kuna son misalin da duniya ta sani, ku nemi labarin Ali Enterprises a Karachi ta Pakistan. Ranar 11 ga Satumba 2012 gobara ta tashi a masana'antar, mutum fiye da 250 suka mutu, saboda tagogi da ƙarafa a jiki, ƙofofin ficewa kuma a kulle. Makonni kaɗan kafin nan aka ba wannan masana'anta takardar shaidar SA8000, wadda take nufin ana kiyaye haƙƙi da lafiyar ma'aikata. Takardar tana nan sabuwa fil lokacin da ake fito da gawawwaki. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, don na san yadda ake cike irin takardar.

Maman Khalifa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, to ke nan Abu Yusra ya yi gaskiya? In tambarin ma ba abin dogaro ba ne, me ya rage mana?

Malam Odita

A'a Hajiya, ban ce a jefar da tambari ba. Na ce kada a tsaya a kansa. Tambari ma iri-iri ne. Akwai wanda kamfani ya zana wa kansa, ɗan ganye kore da kalmar "mai kula da muhalli", babu wanda ya duba komai. Akwai na wata ƙungiya daban mai ƙa'idoji a rubuce da kowa zai iya karantawa, irin waɗanda Ummi ta ambata. Na biyun ya fi na farko nesa ba kusa ba, ko da yana da ɓaraka.

Amma abin da ni na fi dubawa shi ne: kamfanin ya wallafa sunaye da adireshin masana'antun da suke yi masa aiki? Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan shekaru ana sukar Nike kan halin ma'aikata a Asiya, a 2005 ta fitar da jerin masana'antunta, yanzu kuma kamfanonin tufafi da yawa suna yi. Amfanin jerin shi ne, in ma'aikaciya a wata masana'anta ba a biya ta ba, ƙungiyar ƙwadago ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Kamfanin da ya ɓoye masu yi masa aiki, ranar da abu ya faru zai ce bai san su ba.

Haka aka yi a Rana Plaza. Bene ne mai hawa takwas a Savar, kusa da Dhaka ta Bangladesh, da masana'antun ɗinki biyar a ciki. Ranar 23 ga Afrilu 2013 aka ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Masu ɗinki kuwa aka ce su dawo aiki washegari. Da safiyar 24 ga wata benen ya rufta, mutum 1,134 suka rasu, wajen 2,500 suka ji rauni, yawancinsu mata. Sai da mutane suka riƙa tono ƙyallayen suna daga cikin ɓaraguzai kafin a san wa da wa ake yi wa ɗinki a wurin.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa ban yanke ƙauna ba. A watan Mayun shekarar aka ƙulla yarjejeniyar kare gobara da ingancin gine-gine ta Bangladesh tsakanin kamfanoni fiye da 200 da ƙungiyoyin ƙwadago na duniya. Bambancinta da irin binciken da nake yi: doka tana hawa kan wanda ya sa hannu, injiniyoyin ba a ƙarƙashin masu masana'anta suke ba, rahoton kowace masana'anta ana sa shi a fili, wadda ta ƙi gyara kuma kamfanonin su daina saye a wurinta. Masana'antu fiye da 1,600 aka bi ana dubawa. An cire makullai daga ƙofofi, an sauya wayoyin wuta, an rufe gine-ginen da ke shirin faɗuwa. Daga baya an faɗaɗa ta zuwa Pakistan. Jerin kamfanonin da suka sa hannu yana nan a intanet. Minti biyar ya isa ki duba ko mai rigar da kike so yana ciki.

Injiniya Bash

Malam ya gama magana kan ma'aikata, bari in taɓa ɓangaren muhalli, don nan ne aka fi yi wa kaya kwaskwarima.

Volkswagen ta yi shekaru tana tallar motocinta masu amfani da dizal a matsayin masu tsabtar hayaƙi. Mutane da yawa don kishin muhalli suka saya. A Satumbar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa an sa wa motocin wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi. In ana gwaji sai injin ya natsu, in an hau titi sai ya saki iskar naitirojin oksaid mai cutar da huhu har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci wajen miliyan 11 a duniya abin ya shafa, kamfanin kuma ya amsa laifi a kotun Amurka a 2017. Waɗanda suka fara gano abin 'yan ƙalilan ne daga jami'ar West Virginia, da suka ɗaura na'urar awo a bayan mota suka hau titi da ita. Gani ya kori ji.

Darasin da na ɗauka: in kamfani ya yi iƙirari, ina neman lamba, da shekara, da wanda ya auna. "Muna kula da duniyarmu" ba ta ce komai ba. "Mun rage hayaƙin masana'antunmu da kaso kaza daga shekara kaza zuwa kaza, ga wanda ya tantance" magana ce da za a iya kama mutum da ita. Ko nan ma sai an duba me aka ƙirga. Kamfanin da ba ya ƙera komai da kansa zai iya ƙirga wutar ofisoshinsa kaɗai, ya bar ta masana'antun da ke yi masa aiki, alhali can ne hayaƙin yake.

Sai maganar "mun biya diyyar hayaƙinmu". Ma'anarta kamfani bai rage nasa ba, ya biya wani ya dasa bishiya ko ya tsare daji. A Janairun 2023 jaridar Guardian ta Birtaniya da Die Zeit ta Jamus sun fitar da binciken da ya ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun tsare dazuzzuka da suka duba daga babbar hukumar da ke tantance su, Verra, ba su nuna ragin hayaƙi na gaske ba. Verra ta musanta, ya kamata a faɗi wannan. Amma a Maris na 2024 wata kotu a Amsterdam ta yanke cewa tallace-tallacen kamfanin jiragen KLM kan tafiya mai kare muhalli sun yaudari jama'a.

Ƙaramin abu kuma da kowa yake gani kullum: kibiyoyi ukun nan da lamba a tsakiya a gindin robobi. Lambar, daga 1 zuwa 7, nau'in robar take nunawa, ba alkawari ba ce cewa za a sake sarrafa ta. Mai lamba 1 da 2 su aka fi karɓa. A duniya baki ɗaya, wajen kashi 9 cikin ɗari kawai na sharar roba ake sake sarrafawa.

Abu Yusra

Na karanta duka, na kuma ƙaru, musamman da bayanin Malam. Amma akwai abin da har yanzu yake damuna, kuma ba don gardama ba. A ce duk mun duba, mun gano kamfani kaza ba ya kyautatawa, mun ƙaurace masa. Wa zai fara jin jiki? Ba mai kamfanin ba. Matar nan da ke kan keken ɗinki ita za a fara sallama.

An taɓa yi. A farkon shekarun 1990, da aka gabatar da ƙudurin hana shigo da kayan da yara suka yi a majalisar Amurka, masana'antun Bangladesh suka tsorata suka kori yara wajen 50,000. UNICEF da kanta ta ba da labarin cewa da yawansu ba makaranta suka tafi ba, fasa dutse suka koma da ayyukan da suka fi ɗinki haɗari. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Haka a Kongo, Hajiya. In kamfanoni suka ce ba sa sayen kobal na masu haƙa da hannu gaba ɗaya, iyalan da ba su da wata sana'a fa? Niyya mai kyau ba ta ciyar da gida.

Ɗalibar Lauya

Kawu Abu Yusra, wannan misali naka gaskiya ne kuma yana da nauyi. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. A 1995 aka yi yarjejeniya tsakanin ƙungiyar masu masana'antun tufafi ta Bangladesh da UNICEF da hukumar ƙwadago ta duniya, cewa yaron da aka cire daga aiki a sa shi makaranta a riƙa ba shi ɗan tallafi. Wato gyaran da aka yi shi ne a daina kora kawai, ba a daina matsa lamba ba. Su kansu ƙungiyoyin ma'aikata a Bangladesh bayan Rana Plaza ba su ce a daina sayen kayansu ba. Cewa suka yi kamfanoni su tsaya, su biya diyya, su sa hannu a gyara.

Ƙauracewa tana da wurinta. A 1977 aka fara ƙaurace wa Nestlé a Amurka kan yadda ake tallar madarar jarirai a ƙasashe matalauta, inda iyaye ke dama ta da ruwa marar tsabta ko su tsinka ta don ta daɗe. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar tallata abin da ke maye gurbin nonon uwa. Abin lura shi ne masu ƙauracewar suna da buƙata bayyananna, suna da tsari, kuma ƙarshenta ya zama ƙa'ida a rubuce. Mutum ɗaya ya daina saye shiru, kamfani bai ma san ya yi ba.

Maganarka cewa aikin gwamnati ne, na yarda da rabinta. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam, waɗanda suka ce kare haƙƙi aikin gwamnati ne, mutunta shi kuma nauyin kamfani ne har cikin masu yi masa aiki. Birtaniya ta yi dokar yaƙi da bautar zamani a 2015, wadda ta tilasta wa kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara ya wallafa bayanin abin da yake yi kan aikin tilas. Faransa ta yi tata dokar sa ido a 2017, ta Jamus ta fara aiki a Janairun 2023, Tarayyar Turai ta zartar da tata a 2024, ko da yake tun daga nan ake ta jinkirta ta ana rage mata ƙarfi. To amma wa ya tura 'yan majalisun nan suka yi? Mutanen da suka fara da tambaya irin ta Anti.

Anti, ga abin da zai yi miki amfani kai tsaye. Manyan kamfanonin da ke ciniki a Birtaniya, ki gangara can ƙasan shafinsu na intanet, za ki ga bayanin nan kan bautar zamani. Ki karanta da ido ɗaya: sun faɗi matsalar da suka gano? Wanda ya ce "mun binciki masana'antu kaza, mun tarar an karɓe fasfo ɗin ma'aikata a guda kaza, mun sa an mayar musu da kuɗin da dillalai suka karɓa" ya fi mini wanda ya ce bai ga komai ba. Mai masu yi masa aiki dubbai a ƙasashe da dama ya ce bai ga ko ɗaya ba, bai duba ba ne.

Baba Alhaji

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, na daɗe ban karanta muhawara mai amfani irin wannan ba. Ni tsoho ne, karatun rahoto ya fi ƙarfin idona. Amma ina so in tambayi Maman Khalifa abu ɗaya. Wayar ce ta lalace ko batirin? Don na ga tun farko kin ce batir ne ya gaji, sai kuma muka wuce ana zancen wace sabuwa za a saya. Abin da ba a saya ba, ba a haƙo masa komai ba, ba a ƙona masa komai ba. Muna tasowa abu in ya samu matsala gyara ake fara nema. Yanzu na ga ana yin kaya da gangan yadda ba za su buɗu ba. A ganina wannan ma yana cikin halin kamfani da ya kamata a duba: ya yi abin don ya daɗe a hannunka, ko don ka dawo baɗi?

Injiniya Bash

Allah ya ƙara girma Baba, kun taɓo inda ya fi muhimmanci. Rahotannin da manyan kamfanonin waya suke fitarwa da kansu suna nuna cewa wajen kashi huɗu cikin biyar na hayaƙin da waya take jawowa a rayuwarta, wajen ƙera ta ne, tun kafin a buɗe kwalinta. Cajin da muke yi kullum kaɗan ne a lissafin. Don haka wanda ya riƙe waya shekara biyar ya fi wanda yake sauya "mai kare muhalli" duk shekara biyu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata.

Kuma wannan ɓangaren ana iya duba shi ba wahala. A Janairun 2021 Faransa ta wajabta a riƙa rubuta makin sauƙin gyara, daga 0 zuwa 10, a kan wayoyi da kwamfutocin hannu da wasu kayan lantarki. Shafin iFixit ma yana warware na'urori yana ba su maki. Sai a duba shekara nawa kamfani ya yi alkawarin sabunta manhajar wayar, don wayar da aka daina sabuntawa ko lafiyarta ƙalau sai an ajiye ta. Akwai kamfanin Fairphone na Holan da yake yin waya yadda mai ita zai sauya batir da allo da kansa, yana kuma bayyana inda yake samo ma'adinai. Ba ko'ina ake samunta ba, amma ta nuna abin mai yiwuwa ne.

Ummi Zee

Malam Odita, maganarku ta sa na je na karanta kan cakulan, tunda nan na fi dogara da tambari. Abin da na gani ya ba ni haushi sosai. A 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu a yarjejeniyar Harkin da Engel cewa za su kawar da mafi munin aikin yara a gonakin koko zuwa 2005. Aka ɗaga zuwa 2008, aka ɗaga zuwa 2010, aka koma cewa za a rage kashi 70 cikin ɗari zuwa 2020. A 2020 ɗin binciken cibiyar NORC ta jami'ar Chicago ya ƙiyasta yara miliyan 1.56 suna aiki a gonakin koko na Kodibuwa da Ghana, mafi yawansu da adda da kaya masu nauyi da maganin feshi. Shekara goma sha tara ana alkawari.

Na kuma gano wani abu da ban sani ba. A koko, sau da yawa tambarin ba ya nufin ƙwayar da ke cikin abin da na saya daga gonar da aka tantance ta fito. Ana cakuɗa su a hanya, kamfani dai ya sayi adadin da ya yi daidai da abin da ya buga wa tambari. Ban ce zan daina duba tambari ba, don manomin da ke cikin tsarin yana samun ƙari a kan farashi. Amma yanzu tambayata ita ce nawa manomin yake samu, don uban da kuɗin kokonsa bai isa ya ɗauki lebura ba, ɗansa zai tura gona.

Abu Yusra

Ƙanwata lauya, na karɓi gyaranki kan 1995, ban san wannan ɓangaren ba. Baba kuma maganarku ba ta da makusa, ko ni da nake cin abinci da sayarwa na san kayan da ke dawowa bayan wata uku ba alheri ba ne ga kowa.

Amma ga inda nake har yanzu. Duk hanyoyin nan da kuka lissafa na manyan kamfanoni ne masu suna da shafin intanet da tsoron zubar da mutunci. Kayan da talakawan duniya suka fi saye fa? Caja babu suna, takalmi babu adireshi, riga an kwaikwayi tambarin wani. Wa za ka rubuta wa wasiƙa? Kada mu wayi gari mai kuɗi yana sayen kwanciyar hankali, talaka kuma ana kallonsa kamar mai laifi don ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai.

Malam Odita

Abu Yusra, wannan gaskiya ce, kuma ba ni da amsar da za ta rufe ta. Mafi munin wuraren da na taɓa shiga ba masu yi wa manyan kamfanoni aiki kai tsaye ba ne. Ƙananan ɗakuna ne da babbar masana'anta take miƙa wa aiki a ɓoye in oda ta yi mata yawa, da masu yin kayan da ba su da suna. Babu mai zuwa dubawa. Wanda bai da zaɓi babu laifi a kansa, kuma duk wanda ya ɗaga masa hanci bai fahimci maganar ba.

Sai dai kai, Abu Yusra, kana da abin da Hajiya ba ta da shi. Ita guda ɗaya take saye, kai kwali-kwali kake ɗauka. In ka tambayi dilan da kake sara a wurinsa wace masana'anta ce ta yi, akwai kayan gyara, zai karɓa in ya lalace, zai saurare ka don ba ya son rasa ka. Na ga masana'antar da ta buɗe ƙofar da ta shekara a kulle saboda mai saye guda ɗaya ya ce ba zai sake oda ba sai ya ga hoto. Haka makarantu da asibitoci da ofisoshi masu sayen kaya da yawa. Tambayarsu tana da nauyin da tamu ba ta da shi.

Maman Khalifa

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga inda na kwana. Baba, batirin ne kawai. Na kai an sauya shi jiya, wayar ta kai dare har da saura. Tsohon batirin ban jefa shi a shara ba, mai gyaran ya ce akwai masu karɓa, zan bi in tabbatar inda suke kai shi.

Ni da 'yata mun zauna mun buɗe shafin kamfanin wayar. Mun samu jerin matatun da suke sayen ma'adinai a wurinsu, amma na kuza da zinariya da wasu biyu ne kawai, babu kobal a ciki. Na rubuta musu na tambaya me ya sa. Amsar da ta zo da safen nan ta ce suna ɗaukar haƙƙin ɗan Adam da muhimmanci ƙwarai, ba ta ambaci kobal ko sau ɗaya ba. Zan sake rubutawa. Me ya kamata in tambaya daidai, yadda ba za su samu hanyar zillewa ba?

Ɗalibar Lauya

Anti, dalilin da kika ga huɗun nan kawai shi ne dokar Dodd-Frank ta Amurka ta 2010 kuza da tantalam da tungistan da zinariya ta ambata, ba ta sa kobal ba. Wasu kamfanonin suna ƙara shi don kansu, wasu ba sa yi. Ki yi musu tambaya biyu gajeru, kowace a layinta: sunayen matatun kobal da ke cikin batirinsu, da kuma abin da suke yi wa yaron da aka samu yana aiki a ramin da kayansu ke fitowa. In kin rubuta ki sa mana a nan, mu ma masu irin wayar mu aika.

Abu Yusra

Irin tata ce a hannuna. Hajiya ki turo, zan sa sunana.